In sauya wa kwamfutata furosesa, ko in riƙe kuɗina?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Zariya, sana'ata zanen katin biki da fosta da kalanda a kwamfuta, kuma tun bara na fara karɓar aikin haɗa bidiyon biki da na walimar sauka. Kwamfutar da nake aiki da ita laftof ce ta hannu, 'yar Beljiyam, mai furosesa Core i5-3320M da RAM giga 4 da had-disk giga 500, tana kan Windows 10. Yanzu ta yi nauyi ƙwarai. Idan na kunna ta, sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba, fankarta ba ta daina ƙara, bidiyo kuma yana sarƙewa idan ina yankawa, har wasu masu ba ni aiki sun fara kai wa wani. Wani mai gyara ya ce in kawo kuɗi ya cire i5 ɗin ya sa mini i7, ta koma kamar sabuwa. Abin da ya nema ya kusa rabin kuɗin da na kwasa a adashi, wanda da ma na ware don bunƙasa sana'ar. Ina tsoron in kashe su a banza, ina kuma tsoron in tsaya jinkiri kwastomomi su watse. Don Allah me ka gani?

Amsa

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a cikin sana'arka. Shawarata ita ce kada ka biya kuɗin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da take yi wa kwamfuta lissafi, yanzu. Matsaloli uku ka lissafa, wato jinkirin buɗewa da ƙarar fanka da sarƙewar bidiyo, kuma kowace da tushenta daban. Biyu daga cikinsu babu ruwansu da ƙarfin furosesa, ɗaya ma sabon furosesa zai iya ƙara ta'azzara ta, ta ukun kuwa, wato ta bidiyo, i7 zai rage wani sashenta ne kawai ya bar maka sauran. Kuɗin adashi kuɗi ne da aka tara da haƙuri na watanni, don haka ina so ka san abin da kowace naira za ta saya maka kafin ta bar hannunka.

Da farko, ba kowace laftof ake iya sauya wa furosesa ba, kuma a yau ma mafi yawansu ba a iyawa. A da kamfanin Intel yana yin furosesan laftof mai ƙafafu, wanda ake dasawa a cikin soket a jikin madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta suke haɗe a kansa, a murza wani ɗan sukuru ya kulle shi, in an so cirewa a warware. Intel zubi-zubi yake fitar da furosesoshinsa, kuma haka aka yi a zubi na biyu na shekarar 2011 da na uku na 2012, waɗanda suke amfani da soket iri ɗaya, da kuma wani ɓangare na zubi na huɗu na 2013. Daga zubi na biyar zuwa sama, furosesan laftof na Intel a liƙe yake zuwa da dalma a jikin madabod, domin a samu kwamfuta siririya marar nauyi. Naka na zubi na uku ne, saboda haka akwai yiwuwar mai gyaran ya faɗi gaskiya cewa ana iya cire shi. Sai dai lambar furosesan kaɗai ba ta isa hujja ba, domin wannan i5-3320M ɗin ya fito iri biyu: a cikin kwamfutoci kamar ThinkPad T430 da EliteBook 8470p da Latitude E6430 a soket yake, amma a cikin ThinkPad X230, wadda ta fi su ƙanƙanta, a liƙe yake. Tun da ba ka faɗa mini samfurin taka ba, ka sauke wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CPU-Z, ka duba layin da aka rubuta Package. Idan ka ga rPGA, na soket ne. Idan ka ga BGA, a liƙe yake, kuma magana ta ƙare daga nan. Akwai masu gyaran da za su ce maka suna iya ɗaga shi da injin hura zafi su liƙa wani, kuma lallai ana yin hakan a wasu manyan wuraren gyara, amma aiki ne da kuskure kaɗan a cikinsa yake kashe madabod gaba ɗaya, kuma ban yarda mutumin da kwamfuta ɗaya ce jarinsa ya shiga wannan kasadar ba.

Mu ɗauka naka na soket ne. Tambayar da ya kamata ka yi wa mai gyara ita ce wane i7 yake nufi, domin sunan i7 shi kaɗai yana ruɗin mutane da yawa a kasuwa. Furosesanka yana da ƙwayoyin aiki biyu, yana gudu a 2.6 GHz, yana iya hawa zuwa 3.3 idan aiki ya matsa. A cikin zubinsa akwai i7-3520M, wanda shi ma ƙwaya biyu gare shi, yana gudu daga 2.9 zuwa 3.6. Idan wannan za a sa maka, bambancin da za ka gani kaɗan ne ƙwarai, irin wanda sai an auna da manhaja ake ganewa, mai aiki da hannunsa ba zai ji shi ba. Wanda yake kawo canji na gaske shi ne mai ƙwaya huɗu, wanda lambarsa take ƙarewa da QM. Amma ko shi ka lura da abu guda: i7-3632QM, misali, yana gudu ne daga 2.2 zuwa 3.2, wato kowace ƙwaya tasa ba ta fi taka sauri ba, yawansu ne ya ninka. Ayyukan yau da kullum a CorelDRAW da Photoshop, kamar jan hoto da sauya rubutu da shirya shafi, galibi ƙwaya ɗaya ko biyu suke dogara a kai, saboda haka a aikin kati da fosta, wanda na fahimci shi ne ginshiƙin abincinka, ba za ka ga abin a-zo-a-gani ba. Inda ƙwaya huɗu take nuna kanta shi ne lokacin fitar da bidiyon da aka gama haɗawa, a nan kam lokacin jira zai ragu sosai.

Sai batun zafi, wanda a ƙasarmu ba ƙaramin batu ba ne. An ƙera furosesanka a kan wat 35, kuma da wannan lissafin aka yi fankar kwamfutar da bututun tagullar da yake kwashe zafi. Yawancin masu ƙwaya huɗu na wannan zubin, irin su i7-3630QM, wat 45 ne. Idan aka ɗora irinsa a kan abin sanyayawar da aka yi domin wat 35, sannan aka kunna shi a shago a watan Afrilu babu wutar fanka, zai yi zafi ya kusanci iyakarsa, daga nan sai ya rage gudun kansa don kada ya ƙone. Ka ga ka biya kuɗin gudu, zafi ya karɓe. Batir ma zai riƙa ƙarewa da wuri, wanda ga mai aiki tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da janareta hasara ce ta kullum, kuma sau da yawa cajar wat 65 ba ta wadatar da irin wannan furosesan, sai an nemi ta wat 90. Masu ƙwaya huɗu da suka tsaya a wat 35, wato i7-3612QM da i7-3632QM, su ne suka dace da irin kwamfutarka, kuma saboda kowa ya san haka sukan fi wuyar samu. Ka tuna kuma an daɗe da daina ƙera waɗannan furosesoshin, duk wanda za a kawo maka daga jikin wata tsohuwar kwamfuta aka ciro shi.

Yanzu mu koma ga abin da nake ganin shi ne ainihin ciwon. Ka kunna kwamfutar, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga sashen Performance. Za ka ga CPU (furosesa) da Memory (RAM, inda kwamfuta take riƙe abin da take aiki a kansa a lokacin) da Disk (had-disk), kowanne da kason aikin da yake ɗauke da shi. Ka bar shi a buɗe, ka buɗe CorelDRAW da burauza da duk abin da ka saba buɗewa, ka zuba ido a daidai lokacin da kwamfutar ta tsaya cak. Bisa abin da ka bayyana, ina kyautata zaton za ka tarar Disk yana manne a kashi 100, Memory ta haura kashi 80, shi kuwa CPU yana ƙasa yana jira. Idan haka ka gani, to furosesan da ake so ka cire ba shi ne mai laifi ba, zaman jiran bayanai yake yi daga had-disk. Sanya masa wanda ya fi shi ƙarfi daidai yake da manomin rani ya sayi babban injin ban-ruwa alhali tiyon da yake kai ruwan cikin gona siriri ne.

Had-disk irin naka faifai ne na gaske yake juyawa a ciki, galibi sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu da yake yawo a kansa yana neman bayanai. Idan babban fayil guda yake karantawa yakan kai wajen megabait 100 a daƙiƙa, amma idan aka zo ga dubban ƙananan fayilolin da Windows take buƙata lokacin buɗewa, sai gudunsa ya faɗi warwas, domin kowane fayil sai hannun ya je ya nemo shi. SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta zamani da ake sanyawa a madadin had-disk, ba shi da abin da yake juyawa, yana kai megabait 500 ko fiye a irin mahaɗin SATA da kwamfutarka take da shi, kuma a wajen ƙananan fayiloli fifikonsa ya wuce haka nesa. Wannan canjin shi ne zai sa kwamfutar ta buɗe cikin ƙasa da minti ɗaya, manhajoji su riƙa tashi da zarar ka danna su, kuma shi ne abin da mutane suke nufi idan suka ce tsohuwar kwamfuta ta koma sabuwa. Ka nemi SSD mai inci 2.5 na SATA, aƙalla giga 256, in da hali 512 saboda bidiyo. Ka sa a ɗora masa Windows sabuwa fil maimakon a kwafo tsohuwar da tarkacenta, kuma ka tabbata mai bit 64 ce, domin mai bit 32 ba ta iya amfani da RAM da ya wuce giga 4 ko da ka ƙara. Tsohon had-disk ɗin kuma a sa shi a cikin ɗan akwatin USB ya zama ma'ajiyar waje. Kafin kowa ya kwance sukuru ɗaya, ka kwafe ayyukan mutane zuwa wani wuri, musamman bidiyon biki, domin shi kam ba a sake ɗaukarsa. Faifan da ya haura shekara goma yana juyawa zai iya tsayawa a kowace rana, kuma manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka lafiyarsa cikin minti guda.

RAM giga 4 ya yi kaɗan ga aikinka. Windows 10 ita kaɗai tana cinye kusan rabinsa, kuma idan ya cika sai kwamfuta ta koma ajiye abin da ya rage a kan had-disk, wato a kan abin da ya fi komai jinkiri a jikinta, shi ya sa matsalolin biyu suke haɗuwa su zama ɗaya. Kwamfutocin ofis na wannan zubin galibi suna da gurbin RAM biyu, suna ɗaukar nau'in RAM mai suna DDR3 har giga 16. Idan gurbi ɗaya a wofi yake, ƙara sanda ɗaya mai giga 4 ko 8 ya wadatar. Ban ce ka cika shi zuwa 16 ba, saboda dalilin da zan zo kansa a ƙasa.

Ƙarar fanka kuwa, a mafi yawan lokuta ƙura ce. Kwamfutar da ta ga hunturu bayan hunturu a Zariya ba a taɓa buɗe ta ba, idan aka ɗaga fankarta akan tarar da ƙura ta dunƙule ta toshe ƙananan haƙoran ƙarfen da iska take bi ta fita, man da ake shafawa tsakanin furosesa da tagulla kuma ya bushe ya farfashe. A irin wannan halin furosesan da kake da shi ma ba ya ba ka cikakken ƙarfinsa, domin zafi yana tilasta masa rage gudu. Iyakar zafin i5-3320M digiri 105 ne, kuma idan manhaja irin Core Temp ta nuna maka yana wuce 90 a kan aiki matsakaici, to wanki yake nema. A share fankar, a goge tsohon man a shafa sabo, ka kuma daina ɗora kwamfutar a kan katifa ko matashi. Wannan shi ne mafi arha a cikin duk abin da na lissafa, kuma mai yiwuwa ya dawo maka da wani kaso na gudun da kake shirin saye da kuɗi mai yawa.

Saura bidiyo, kuma a nan ne ya kamata in faɗa maka abin da wataƙila ba za ka so ji ba. Wayoyin zamani da yawa suna ɗaukar bidiyo a tsarin HEVC, wanda iPhone ta koma kansa tun 2017, wasu kuma har a girman 4K. Furosesoshin Intel na zubi na uku suna da sashe na musamman da yake warware tsohon tsarin H.264 cikin sauƙi, amma ba su da na HEVC, sai a zubin baya aka kawo shi. Wannan gibin yana nan a i5 ɗinka, yana nan kuma a kowane i7 da zai shiga soket ɗinka, domin na zubi na uku duk sashen hoto ɗaya suke ɗauke da shi, wato HD Graphics 4000. Saboda haka ko ka sa mai ƙwaya huɗu, bidiyon 4K na HEVC zai ci gaba da wahalar da kwamfutar lokacin yankawa. Abin da zai taimake ka yau, ba tare da ka kashe ko sisi ba, shi ne ka riƙa juya irin waɗannan bidiyoyin zuwa H.264 mai girman 1080p da manhajar HandBrake kafin ka fara aiki, ko ka yi amfani da tsarin kwafi marar nauyi da manyan manhajojin haɗa bidiyo irin Premiere Pro suke da shi, inda kake yanka a kan ƙaramin kwafi, sai lokacin fitarwa manhajar ta koma ga na asali. Idan kai ne kake ɗauka, ko kana da ta cewa a wurin mai ɗauka, a saita wayar ko kyamarar a kan H.264 tun daga farko.

Akwai kuma wani dalili da ya sa ba na so ka zuba kuɗi mai yawa a jikin wannan kwamfutar. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana buƙatar furosesan Intel na zubi na takwas zuwa sama tare da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Babu wani furosesa da zai shiga soket ɗinka ya cika wannan sharaɗin, domin soket ɗin bai wuce zubi na uku ba. Sababbin fitowar manhajojin zane da na bidiyo ma a hankali suke juya wa tsofaffin kwamfutoci baya. Ma'ana, ko da i7 ko babu, kwanakin wannan laftof a matsayin babbar abin aikinka ƙidayayyu ne, kuma abin da ya dace shi ne a kashe mata daidai abin da zai riƙe ta ta ci gaba da kawo kuɗi har ka sayi wata.

Ga yadda zan raba kuɗin da a ce nawa ne. SSD da sandar RAM ɗaya da wankin fanka su fara fita, sauran kuma a ajiye a matsayin tubalin farko na kuɗin wata kwamfutar. SSD ɗin ba asara ba ne ko bayan ka sauya, domin za ka iya mayar da shi ma'ajiyar waje mai sauri, amma DDR3 ba ya shiga sababbin kwamfutoci, furosesan zubi na uku ma haka, shi ya sa na ce a taƙaita a kansu. Idan lokacin saye ya yi, ko a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, ka nemi ta hannu mai zubi na takwas ko sama da haka. Core i5-8250U da i5-8350U, misali, ƙwaya huɗu gare su a kan wat 15 kacal, suna warware HEVC da kansu, kuma suna karɓar Windows 11, wato i5 na wannan zubin ya ba ka abin da kake nema a wurin tsohon i7 har da ƙari, ba tare da zafinsa ba. Lamba ta farko bayan ɗan layin da yake bin i5 ko i7 ita take nuna zubin (daga zubi na goma, lambobi biyu na farko ne), don haka kada sitikar da aka manna a jikin kwamfuta ta ɗauke maka hankali, ka buɗe ka karanta da idonka. Ka kuma sani cewa a waɗannan kwamfutocin furosesa a liƙe yake, abin da ka saya da shi za ka zauna, sai ka zaɓa da kyau tun farko, ka tambaya kuma ko RAM ɗinta ana iya ƙarawa, domin a wasu sirara shi ma a liƙe yake.

Game da mai gyaran, ba na so ka ɗauke shi maƙaryaci. Mai yiwuwa ya taɓa yi wa wani irin wannan aikin ya ga amfaninsa, musamman idan daga Celeron ko Pentium aka tashi, inda tazarar take da faɗi. Ka koma wurinsa da girmamawa, ka nuna masa abin da Task Manager ya nuna maka, ka ce SSD da RAM da wanki kake so tukuna. Mai gyara na ƙwarai zai gane hujjar nan take, kuma aikin ma shi za ka ba. Bayan an yi waɗannan, ka yi aiki da kwamfutar mako biyu ko uku, ka sake duba Task Manager. Idan a lokacin ka ga CPU ne yake manne a kashi 100, Disk da Memory suna da sarari, kuma fitar da bidiyo ne yake cinye maka dare, to a nan ne batun furosesa ya zama abin dubawa, da sharuɗɗa. Ya kasance mai ƙwaya huɗu na wat 35, a tabbatar samfurin kwamfutarka da BIOS ɗinta, wato manhajar da take tayar da kwamfutar kafin Windows, suna karɓarsa, kuɗinsa kada ya wuce abin da aikin biki biyu ko uku zai mayar maka, a sa shi a gabanka ka karanta lambarsa a CPU-Z, a fitar da bidiyo mai tsawo ana kallon zafinsa kafin ka biya, sannan ka karɓi tsohon i5 ɗinka ka adana shi a inda ƙafafunsa ba za su lanƙwashe ba, domin idan sabon ya ba da matsala shi za a mayar.